Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙon Gidajen Tarihi Na Kumasi: Ta Wace Ƙofa Kayan Zango Za Su Shiga?

Assalamu alaikum.

Gaisuwa da fatan alheri ga shugabanni da ma'aikatan gidajen tarihi na birnin Kumasi, da hukumomin da ke sa ido a kansu, na gwamnati da na gargajiya. Gaisuwar ban girma ga Nananom, iyayen ƙasa, waɗanda a inuwarsu kakanninmu suka sauke kaya suka kafa Zango. Allah ya ƙara wa Otumfuo Asantehene, Sarkin Asante, lafiya da nisan kwana.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koya wa yara zane da aikin hannu kafin in ajiye alli. Jikan baduku ne ni ta wajen uba, a Zango aka yanke mini cibiya, a nan kuma nake sa ran a binne ni. Wannan takarda ba tawa ce ni kaɗai ba. Akwai wata 'yar majalisa da muke zama bayan La'asar: dukawa biyu da ido ya fara yi musu gardama, wani maɗinkin manyan riguna, malaman allo uku, sai wata Hajiya da ta tsufa tana sayar da kwanuka a babbar kasuwa, wadda ba ta zama da mu amma saƙonta ba ya yankewa. Su suka ce tunda ni ne mai biro, in rubuta. Na rubuta da Hausa da gangan. Na san ba za a rasa mai fassara muku ba, don Kumasi ba ta taɓa rasa mai jin Hausa ba, kuma rabin maganar nan mutanenmu nake so su ji.

Abu biyu ne suka sa muka ɗauki alƙalami. Ɗaya duniya duka ta ji labarinsa, ɗayan ko maƙwabta ba su ji ba.

Na farkon kun fi mu saninsa. A watan Fabrairun 2024 gidan tarihin Fowler da ke birnin Los Angeles a Amurka ya dawo da kayan fadar Asante guda bakwai, dawowar da babu komawa. Shekara 150 ke nan cif tun da sojojin Ingila ƙarƙashin Janar Wolseley suka shigo Kumasi a 1874, suka wawashe fadar Sarkin Asante Kofi Karikari, suka cinna wa gari wuta. Bayan nan wasu 32 suka iso daga Landan, 17 daga gidan tarihin Victoria da Albert, 15 daga British Museum, aka baje su a gidan tarihin Manhyia, fadar Sarkin Asante, tun daga ranar 1 ga Mayu. Waɗannan kam aro ne na shekara uku, da damar ƙarin wasu uku, wai saboda dokar Ingila ta hana waɗannan gidaje rabuwa da abin da suka riƙe. A ara wa mutum kayan gidansu, abin da ciwo, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Duk da haka mun yi murna. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin AngloGold Ashanti ma ya miƙa wasu guda 28. Na ɗauki jikokina biyu muka bi layi muka gani. Ƙaramar ta manna hancinta a jikin gilashi har sai da numfashinta ya rufe mata zinariyar, ta sa gefen mayafi ta goge ta sake mannawa. Wallahi ban taɓa jin ni ɗan Kumasi ne kamar ranar ba.

Na biyun ya faru a unguwarmu. Wani dattijo ya rasu, jikan fataken goro, aka raba gado, magada suka sayar da gidan ga wanda zai rushe ya gina shaguna. A ɗakin tsohon akwai adakar ƙarfe wadda tun muna yara muke ganinta a ƙarƙashin gado. Da aka fasa kwaɗon, sai ga gafaka uku, da rigar tsamiya mai aska takwas, da tasoshin tagulla, da damin wasiƙu na ajami tsakanin mahaifinsa da abokan cinikinsa na Kano da Legas. Tasoshin, masu sayen tsohon ƙarfe da muke kira 'yan kondem suka ɗora a sikeli suka biya kuɗin nauyi. Rigar wani dillali ya ɗauka. Takardun kuwa aka ba wani yaro ya ƙone su a bayan gida, kuma da kyakkyawar niyya aka yi, don akwai sunan Allah a jiki, ba a so a tattake su. Ina isa na tarar yaron yana juya wutar da kara. Na ciro abin da hannuna ya iya kaiwa, warƙa goma sha ɗaya, gefensu ya babbake. A ɗaya daga ciki ana lissafin huhun goro nawa aka ɗora, da ladan maigida, da sunan wanda ya ci bashi bai biya ba, sannan a ƙasa an rufe da gaisuwa ga wata Goggo da addu'ar Allah ya sauke ta lafiya.

Na daɗe ina auna waɗannan abubuwa biyu. Zinariyar fada ta dawo ne saboda wanda ya kwashe ta ya rubuta. An yi gwanjonta, an shigar da ita rajista, an sa mata lamba, an san shekarar da ta shiga kowane gida, shi ya sa bayan shekara 150 aka iya nuna ta da yatsa a ce wannan tamu ce. Kayan Zango babu sojan da ya zo ya kwashe su. Da kansu suke zirarewa, adaka bayan adaka, babu lamba babu hoto, kuma abin da ba a rubuta ba babu ranar da za a je nemansa.

Ku kuka san aikin nan, amma ku bar ni in faɗi yadda na fahimce shi don mutanenmu da ke karantawa. Gidan tarihi kamar rumbu yake, kullum ana zubawa ana gyarawa. Wani abu kyauta ake kawowa, wani saye ake yi, wani aro ne, wani haƙo shi ake yi daga ƙasa, wani kuma dawo da shi ake yi kamar yadda muka gani. Abin da ke cikin gilashi kaɗan ne a kan abin da ke ɗakin ajiya, kuma duk bayan wani lokaci akan sauke wannan a ɗora wancan, a sake rubuta bayani. Gidan Manhyia kansa a 1925 aka gina shi don Sarkin Asante Nana Prempeh na Ɗaya bayan dawowarsa daga tsibirin Seychelles, sarakuna suka zauna a ciki, sai a 1995 Otumfuo Opoku Ware na Biyu ya mai da shi gidan tarihi. Kujerun zama da tsohon talabijin na fada, waɗanda a jiya kayan amfanin yau da kullum ne, yau baƙi na biyan kuɗi su kalle su. Babban gidan tarihi na ƙasa da ke Akra, wanda aka buɗe ranar 5 ga Maris 1957, ana gobe samun 'yancin kai, an rufe shi a 2015 aka sake buɗewa a 2022 da sabon tsari. Ashe dai tarin kayan nan ba a kulle yake ba. Yana girma, yana sauya kama, kuma abin da ya shiga ya danganta da wanda ke tsaye a bakin ƙofa da irin abin da idonsa ya saba gani. A nan kokenmu yake.

Kokenmu na farko shi ne ba mu san ƙofar ba. Bayan abin da ya faru da adakar nan, na ɗauki kayan aikin kakana, basilla da wuƙar yankan fata da wata gafaka da ya fara bai gama ba, ja da kore, zaren fatar na nan a rataye inda ya tsaya, na nufi ɗaya daga cikin gidajenku. Ba zan faɗi wanne ba, don ba tozarta kowa na zo yi ba, kuma waɗanda na tarar sun karɓe ni da mutunci. Zuwa na farko aka ce mai kula da wannan sashe ba ya nan. Na biyu aka ce in rubuta takarda, na tambaya wa zan rubuta wa, aka yi ta kallon juna. Na uku wani saurayi mai kirki ya ce in bar kayan zai nuna wa manya. Na ce to a ba ni rasit. Ya ce ai babu irin wannan takardar a wurinsu. Na naɗe kayana a jaka na hau motar haya ta trotro na koma gida. Ni da na yi boko, na san ofis, na gaji a zuwa uku. Ina ga tsohuwar da ba ta jin Turanci?

Shi kuwa dillali ba ya sa ka zuwa uku. Har ɗaki yake biyo ka, da kuɗi a aljihu, ranar da ake neman kuɗin makaranta ko na asibiti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da yawa daga cikin dillalan kayan gargajiya 'yan'uwanmu ne Hausawa, sana'a ce da muka daɗe a cikinta daga nan har Akra da Abidjan. Ban ce haram suke ci ba. Amma rigar da ta bi ta hannunsu takan ƙare a bangon wani falo a Turai da ɗan bayani cewa daga Afirka ta Yamma take, babu sunan maɗinki, babu unguwa, babu Kumasi.

Koke na biyu ya fi mini ciwo, don a nan hannunmu ya riga ya shiga gilashi, sunanmu ne ya tsaya a waje. Duk wanda ya ga batakari, wato rigar yaƙi ta Asante, ya ga layu jere a jikinsa, an ɗinke su cikin fata, wasu an lulluɓe da azurfa ko zinariya. Batakarikese da Asantehene ke sawa a manyan al'adu haka yake. To wa ya rubuta abin da ke cikin layun? Wa ya ɗinke fatar? Malami ne da baduku. Lokacin da Bature Bowdich ya zo Kumasi a 1817, da Dupuis a 1820, sun tarar da Musulmi zaune a garin, suna da limaminsu, suna rubuta wa Sarki Nana Osei Bonsu wasiƙu da Larabci. Wani babban dami na takardun Musulmin Kumasi na wancan zamani, wasiƙu da addu'o'i da hatimai, yana ɗakin karatun masarautar Denmark a Kopenhagen har yau, kuma masana na danganta fitarsa da yaƙin Katamanso na 1826. Ba zan yi wa tarihi ƙarin gishiri ba: yawancin waɗannan malamai na farko Gonjawa ne da Dagombawa da Wangarawa, Hausawa sun yawaita daga baya, musamman da kasuwar Salaga ta watse bayan yaƙin basasar 1892 cinikin goro ya gangaro kudu. Dama Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Da Mosawa da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Yarbawa da Busanga, harshe ne da alƙibla suka haɗa mu. Ko ma'aunin zinariya na Akan, wanda ake tinƙaho da shi a ko'ina, yana da dangantaka da miskalin fataken arewa, haka ma tasoshin kuduo sun ɗauko siffa daga tasoshin tagulla na ƙasashen Musulmi da suka ƙetaro Sahara.

Amma a yawon da na yi da ɗalibai shekara da shekaru, abin da na fi ji daga bakin masu rakiyar baƙi shi ne kalma ɗaya: laya ce daga arewa. Shi ke nan, a wuce gaba. A wani gidan tarihi na taɓa ganin allo an jingine shi a kife, rubutun ƙafa a sama. Wani ɗalibina ɗan shekara goma sha biyu ne ya fara gani, ya karkata kai yana karantawa, ya ce, “Malam, ai Ayatul Kursiyyu ce suka juya.” Ba mugunta ba ce, rashin mai karantawa ne. Sai dai ku dubi abin da wannan ke haifarwa. Yaron Zango ya shiga gidan tarihin garinsu ya fito yana ganin shi baƙo ne da aka bari ya leƙa. Yaron Asante ya fito yana ganin mutanen Zango jiya suka zo da buhun albasa. Su biyun an rage musu gaskiya, kuma su ne za su zauna da juna gobe a Asawase da Aboabo da Alabar.

Kada a ce muna son a faɗi mai daɗin kawai. Akwai sojojin da ake kira Hausawan Glover, da sunan Baturen da ya jagorance su, waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Ingila a 1874, kuma a 1900, lokacin da Nana Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta yi wa sansanin Turawa ƙawanya, akwai sojojin Hausa a cikin ganuwar. Wannan sansani shi ne gidan tarihin soja na yanzu. Wasu kakannin sun zo da alƙalami, wasu da huhun goro, wasu da bindigar Bature. A faɗi duka. Mun fi son a ba da labarinmu da tabonsa a kan a tsallake mu.

Koke na uku game da masu rai ne. Maɗinkin da ke majalisarmu yakan yi wata uku a kan riga ɗaya, allura da zare, tun daga aljihu har wuya. Yau keken sirfani na gama irinta a yini biyu, hular da ake sawa ranar Juma'a kuwa a katan take zuwa daga waje. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaje shi, ɗaya na tuƙa keke mai ƙafa uku da muke kira pragya, ɗaya na gyaran waya a Adum, kuma ban ga laifinsu ba. Dukawanmu sun koma gyaran takalmi da jakar makaranta. Malamin da ya iya zayyanar allo ta saukar Alƙur'ani, da tawada ja da rawaya da kore, a duk faɗin unguwarmu saura mutum ɗaya, hannunsa kuma ya fara rawa. In gidan tarihi sai abu ya shekara ɗari yake waiwayarsa, to a wannan fanni zai waiwaya ya tarar babu komai.

Kumasi ta san darajar aikin mai rai, don ta gani da idonta. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale da ya yi karatun zane a jami'ar KNUST ta nan Kumasi, tsofaffin buhunan koko da gawayi na kasuwanninmu ya ɗinɗinke ya lulluɓe gine-gine da su, aikinsa ya kai har baje kolin Venice a 2015, ya koma gida ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019. Kwame Akoto na shagon zane na Almighty God, mai zanen allunan talla a Suame, ayyukansa sun shiga gidajen tarihi na ƙetare. Abin da ake wucewa a bakin titi ba a kalla, rana ɗaya wani ya tsaya ya ce wannan fasaha ce, sai kowa ya gani. Muna roƙon a tsaya a ƙofar baduku ma.

Hajiya ta ce in ban sa nata ba kada in ƙara aika mata gaisuwa. Ta ce ku maza kullum riga da allo, ina jeren amarya? Gaskiyarta. Duk wanda ya tashi a Zango ya san kabad ɗin uwarsa, kwalla da langa da fanteka an jera su hawa-hawa, ƙarami kan babba, launi na amsa launi, ana goge su ranar jajibirin Sallah ko da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Wannan jere shi ne bankin mace, shi ne adonta, shi ne shaidar irin gidan da ta fito. Yanzu kula da roba sun kore su, tsofaffin kwanukan sun koma mazubin abincin kaji. Jere guda cikakke, da hoton mai shi da labarin yadda ta tara shi da kuɗin koko da ƙosai, zai gaya wa baƙo abin da littafi ba zai gaya masa ba game da matan Zango.

Abin da ya sa muke gaggawa, ƙasar nan ba Kano ba ce. Can busasshiyar iska na raya takarda, nan damina biyu muke yi a shekara. Danshi na cin fata, asu na cin tsamiya, gara na shiga adaka ta ƙasa ta fito ta sama. Unguwannin da ke bakin rafin Aboabo duk shekara suna kwana da shirin ambaliya. Ga gobarar kasuwa, ga rushe tsofaffin gidaje ana gina benaye. Akwai kuma ramin da aka yi mana a 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Mutane sun tafi da abin da kai zai iya ɗauka, suka bar adakoki amana a hannun maƙwabta. Wasu amanar na nan har yau a gidajen da jikoki ba su san mai ita ba. Tsofaffin da za su ɗaga riga su ce wannan ɗinkin wane ne, ya koya a wurin wane, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk shekara muna raka wasu maƙabarta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka bari in juyo kan mutanenmu kafin in yi roƙo. Da yawanmu gidan tarihi gidan gumaka ne a wurinsu, ba sa shiga, ba sa barin yara su shiga. Wasu na ɓoye takardun kakanni kamar asiri har gara ta gama da su, sannan a ce ƙaddara. Wajen rabon gado nakan ga an raba littafi ɗaya gida uku don kowa ya samu albarka. Malamanmu na da aiki a nan, su gaya wa jama'a daga kan mumbari cewa adana ilmi da sana'ar magabata ba bautar gunki ba ne. Wannan namu ne, za mu yi. Ga naku.

Muna roƙon a buɗe ƙofa a rubuce. A samu takarda guda, da Turanci da Twi da Hausa, mai bayyana yadda mutum zai ba da kyauta ko ajiya: wa zai gani, wace rana, me za a ba shi a hannu. Duk abin da aka karɓa a ɗauki hotonsa a gaban mai shi, a sa masa lamba, a ba da rasit mai hatimi, a rubuta sunan wanda ya yi shi da wanda ya kawo. Ko rana ɗaya ce a wata, ta ishe mu, in dai an san ta.

Muna roƙon a karɓi amana, ba sai kyauta kaɗai ba. Iyali da yawa ba za su iya rabuwa da Alƙur'anin kakansu har abada ba, amma za su yarda a ajiye musu shi shekara uku ko biyar a inda babu danshi, da yarjejeniya a rubuce. In Landan ta iya ara wa Kumasi, Zango ma zai iya. Ga takardu kuwa akwai hanyar da aka riga aka gwada a ƙasar nan: a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi malamai gari-gari tana aron littattafansu na Larabci da ajami, ta kwafa ta mayar musu, kuma ta haka aka tsare rubuce-rubuce da dama, har da na Alhaji Umaru na Kete Krachi, Bakanon da ya zauna a Salaga ya rasu a 1934. A wancan lokaci da wahala ake kwafi. Yau waya mai kyamara da fitila mai kyau sun isa a fara.

Muna roƙon a ɗauki mai karanta Larabci da ajami, ko da na wucin gadi ne, ya bi ɗakunan ajiyarku ya duba abin da kuke da shi tun tuni. Zango cike yake da matasan da suka yi karatu a makarantun Islamiyya da jami'o'i suna zaune babu aiki. A sake rubuta bayanan da ke jikin batakari da layu da alluna, a faɗi wa ya yi, da me, don me. A kuma zauna da malamai a kan ladabin abin: warƙar Alƙur'ani ba a ajiye ta a ƙasa, laya ba a farke ta don son gani sai da shawara. Wannan shi zai sa tsohon da ke tsoron gidan gumaka ya saki jiki.

Muna roƙon a ware wani abu duk shekara, komai ƙanƙantarsa, don saye daga hannun masu sana'a da ke raye. Riga ɗaya, gafaka ɗaya, allo ɗaya mai zayyana. A biya su farashin aikinsu ba tare da an mai da shi sadaka ba, a ɗauki bidiyon hannunsu yana aiki, a bar su su yi bayani da bakinsu. A kwamitin da ke yanke abin da za a karɓa da abin da za a saya, a ba Zango kujera ta hanyar Sarkin Zango da sarakunan ƙabilu, kuma a cikin waɗanda za a tura a sa mace. A ƙarshen shekara a fitar da jerin abin da ya shigo, kowa ya gani.

Ba mu ce a gina mana sabon gida ba, mun san halin da aljihun hukuma ke ciki. Akwatin gilashi ɗaya ya isa a fara, a riƙa sauya abin da ke ciki duk wata shida: wannan karon goro da fatauci, na gaba allo da tawada, na gaba jeren amarya. Sau ɗaya a shekara kuma, a lokacin Sallah ko Mauludi, a fito da shi a kawo farfajiyar wata makaranta a Zango, don tsofaffin da ƙafa ba ta kai su Manhyia ko Cultural Centre su gani. Ina mai tabbatar muku a ranar za ku ji sunayen masu aikin da babu su a rajistarku, daga bakin matan da za su tsaya a gaban gilashin suna gardama.

Mu ma ba mu zauna jiran ku ba. Zuwa yanzu majalisarmu ta tara warƙoƙin nan goma sha ɗaya, da gafakar kakana da kayan aikinsa, da riga biyu na maɗinkinmu waɗanda ya ce ba na sayarwa ba ne, da allo huɗu, da kwalla tara da Hajiya ta aiko a cikin buhu da gargaɗin kada a kuskura a ƙwarzane su. Na sayi littafi mai bango mai kauri na rubuta kowanne, da sunan mai shi da abin da aka sani game da shi. Suna ɗakina cikin adaka, a kan bulo huɗu saboda ruwa, na zuba ganyen darbejiya a cikin adakar saboda asu. Muna zama kowace Asabar bayan La'asar. Ku aiko mutum ɗaya ta hannun fadar Sarkin Zango, za a kawo shi har inda muke, ya zo da littafin rasit. In da hali ya zo kafin ruwan watan Yuni.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin zane, a madadin majalisar dattawan sana'a,
Zangon Kumasi.